Tambayar da Na Kai Ankara

A Agege ta Legas ƙanena Audu ya sauke ni daga motar shanu, ya damƙa ni hannun wani direba, ya ce iyakarsa ke nan, shi bai taɓa ƙetare ƙasa ba kuma ba zai fara da furfura ba. Kwana biyu muka yi daga Kurfi, ni a gaba kusa da direba, shi a baya tare da bijimai. Kayana uku ne: ƙullin tufafi, jakar kuka da daddawa da kilishi, sai ɗan buhun gero tiya uku na gonata ta Barkiya, wanda na ɗinke bakinsa da jan zare.

Ya ce, "Yaya Mairo, har yanzu kina iya komawa. Waya fa ta gama maganar nan tuntuni."

Na ce, "Waya tana da ido?"

Ya gyara hularsa ya koma wurin shanunsa.

Ga abin da ya fitar da ni daga gida ana jiran ruwan shuka. Autana Sani, tela ne a Dutsin-Ma, ya ga wata yarinya a Kurfi mai suna Hadiza ya ce ita yake so. Ban ƙi ba, don ɗiyar Dije ce. Dije ƙawata ce tun muna 'yan mata, kuma da aka yi mana aure danga ɗaya ta raba gidajenmu a Barkiya. Sani yana da shekara biyu mijinta ya kwashe su zuwa Gana, babban birninsu Akara, wanda mu tsofaffi muke ce wa Ankara. A can ta haifi Hadiza, daga baya aka kawo ta riƙo wurin gwaggonta a Kurfi. An kai gaisuwa, an sa rana. Ranar da aka kai lefe, wata tsohuwar maƙwabciyarmu, Tabawa, tana juya atamfa a hannu ta ce kamar wasa, "Ikon Allah. Ashe ba Dije ce ta riƙe Sani ba lokacin da kike kwance Katsina?"



Da na haifi Sani zazzaɓi ya kayar da ni, aka kai ni asibiti, kwana goma sha ɗaya ban san inda kaina yake ba. Da na dawo, surukata Inna, Allah ya jiƙanta, ta ce da nonon jar akuyarmu ta rayar da shi, da cokali. Na yarda. Tun daga ranar ban sayar da akuyar nan ba, ban yanka ɗiyanta mata ba. Shekara ashirin da takwas ina zuba wa zuri'arta dusa kafin in zuba wa sauran dabbobi.

Na je wurin liman. Ya ce in dai Dije ta ba yaron nono, ko sau ɗaya ne ya kai ciki, Hadiza ƙanwarsa ce, aure ya haramta. Amma maganar Tabawa zato ce, a tambayi mai nonon. Mai nonon kuwa shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, harshenta ya yi nauyi. Aka buga wa ɗanta Bala waya, wanda sa'an Sani ne. Ya ce bari ya tambaye ta, ya dawo ya ce ta ce babu komai. Dangi suka yi hamdala. Ni ban yi ba. Tsakanin "bari in tambaya" da "babu komai" bai ɗauki lokacin da zai kai mutum daga zaure zuwa ɗaka ba.

Direban Agege ya rantse mini motarsa kai tsaye Ankara za ta. Da muka kai iyakar farko ya ce mu sauka mu ƙetare da ƙafa, zai same mu can gaba. Har yau bai same mu ba. Na tsaya cikin rana da takardar tafiya da katin allura a ƙulle cikin haɓar zanena, mutane suna ta turo ni hagu da dama. Sai ga wani saurayi mai ɗaukar kaya ya gaishe ni da Hausa mai kyau, ya ce ai shi ma ɗan Katsina ne. Na ce wace unguwa? Ya ce kusa da kasuwa. Kowane gari yana da kusa da kasuwa. Duk da haka wuyana ya gaji, na ba shi jakar kuka da daddawa, na hana shi geron. Ban kai ga ƙifta ido uku ba ya shige cikin taro. Kilishin nan da na yi wa Dije tanadi, ban san cikin wa ya shiga ba. Na ɗora buhuna a ka, ban sake sauke shi ba sai in zan zauna a kansa.

Daga nan mota-mota na yi, ina bin wasu mata 'yan kasuwa a baya ba tare da na ce musu ina bin su ba. Kwatano ban ga komai ba sai babura kamar fari. A Lome na fara ganin teku. Ni da nake ganin ruwan dam ɗinmu na Zobe shi ne ƙarshen ruwa, sai ga ruwa babu tsallake, yana zuwa yana komawa kamar mai neman abin da ya yar. La'asar ta yi, ban san gabas ba, ba ni da ruwan alwala. Wata mata mai sayar da burodi, da sarƙar giciye a wuyanta, ta ga ina duban rana ina duban ƙasa. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Ta tashi ta ɗebo mini ruwa a kofin roba, ta shimfiɗa kwali a bayan teburinta, ta juya kafaɗata da hannu biyu ta nuna mini inda Musulmin tashar suke fuskanta. Da na idar na tarar ta zauna a kan buhuna tana tsare mini shi. Na duba jan zaren, yana nan yadda na ɗinke. Na ji kunyar dubawar, amma na duba.

Rana ta biyar da barina gida na shiga Ankara da azahar. Bala ya tare ni a tasha. Dogo ne, da goshin ubansa. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ka zo lafiya? Mama yana gida."

Na ce, "Ka ga gemu a fuskata?"

Ya yi dariya ya ce haka Hausarsu ta Zango, unguwar Hausawan garin, take, ba ta raba mace da namiji. Daga nan zan riƙa mayar da maganarsu irin tamu, kada ku sha wahalar da na sha.

Ba a Zango suke zaune ba. Ɗaki biyu suke haya a tsohon gari, bakin teku, a wani babban gida na ƙabilar Ga, su ne 'yan asalin wurin. Lungunan ƙanana, ko'ina warin kifin da ake ƙyafewa. Daga ƙofar gida ana hango wata doguwar hasumiya mai ja da fari, da wani tsohon gini mai kaurin bango wanda Bala ya ce Turawan zamanin da ne suka gina, nan ake tsare bayi kafin a zuba su jirgi. A ƙarƙashinsa kwale-kwale ne jere, kowanne da fenti da tuta. Abin da ya ba ni mamaki, gari mai wannan yawan jama'a, babu kiɗa ko ɗaya. Bala ya ce na zo a watan shiru. Masu garin sun hana kiɗa da tafi da lasifika har wata guda, ko coci-coci sun ajiye gangunansu.

Ya ce, "Don Allah Gwaggo a kiyaye."

Na ce, "Ni makaɗiya ce? Ko a gidanmu ka ji ana roƙo?"

Dije tana zaune a kujerar roba a baranda, an jingina ta da matashi. Macen da take ɗaukar tulu biyu daga rafi ta koma kamar ƙullin tsumma, bakinta ya karkace gefe guda. Na tsuguna a gabanta na ce, "Dije, ni ce. Mairo."

Ta dube ni. Sannan da ƙyar ta ce, "Koko... ya ƙare."

Shekara ashirin da wani abu ta yi tana sayar da koko da ƙosai a bakin titin nan. Mai saye ta ɗauke ni.

Na waiwaya na dubi Bala. Ya sunkuyar da kai. Kallon ya ishe shi game da "babu komai" ɗin da ya faɗa a waya.

Kwana huɗu ina zaune gefenta. Na kira mata sunayen mutanen Barkiya, matattu da rayayyu. Na ba ta labarin tsamiyar bakin rijiya da iska ta kayar. Ba ta motsa ba. Da safe masu talla suna wucewa suna kiran koko, ƙosai, tuwon zafi, wake, da bakin da ba na Hausa ba, kamar sunayen kakanninsu ne. Abin ya riƙa taɓa ni. Ina jin kalmomin gidanmu a bakin baƙi, ƙawata kuma ba ta san ni ba. In hadari ya taso ta kan teku sai in tuna gonata tana can a share, ban san ko an yi ruwan shuka ba, ban san ko matar ɗana babba ta tuna ta fara zuba wa jajayen awaki dusa ba.

Mai gidan wata tsohuwa ce da ake kira Anti Dede, gajera mai kauri, kullum tana zaune ƙofar ɗakinta da zane ɗaure a ƙirji, tana kallon mai shiga da mai fita. Ta lura ina ƙirga wanda ya ɗebi ruwa a famfo bai rufe ba, na lura ita ma shi take ƙirgawa. Ba mu gaisa sosai ba. Kowa ta gane irinta.

Rana ta biyar na ce wa Ramatu, matar Bala, ta samo mini turmi zan yi wa Dije fura. Ta kawo na sakwara, mai faɗin baki kamar akushi. Na ce wannan in na zuba gero kaji zan yi wa sadaka. Ta ce to sai mu je Zango.

Muka shiga ƙaramar motar haya da suke kira turoturo, kwandasta yana rataye a ƙofa yana ihun sunayen unguwanni. A nan na ga garin. Gine-ginen gilashi masu tsawo, a gindinsu mata suna soya kifi. Samari sun zana fuskokin mutane manya-manya a bangon tsofaffin gidaje, wasu kuma suna dambe da safar hannu a wani fili, babu ganga babu kirari. Ko'ina hotuna manne, tsofaffi maza da mata cikin ado. Na ce wa Ramatu, "Zaɓe za ku yi? 'Yan takarar naku duk sun tsufa."

Ta toshe baki da gyale. Ta ce, "Gwaggo, matattu ne. Sanarwar jana'iza ce."

Ta ce in an ɗage shiru zan ga jana'izarsu, ja da baƙi, da kiɗa da abinci, wani ma akwatin gawarsa siffar kifi za a sassaƙa in masunci ne. Na ce Allah ya sa mu cika da imani, ni ƙyalle biyar sun ishe ni.

Zango kuwa kamar an yanko wani yanki na Katsina an jefa bakin teku. Masallaci, masu tsire, masu goro, ƙamshin turaren wuta, yara da allo. Ramatu ta kai ni gidan wata dattijuwa da aka ce tana da turmin gero. Ta sa aka mirgino shi daga lungu. Na ƙirya ne, baƙi wuluk, bakinsa ya lashe saboda tsufa. Ta ce na kakarta ne, a bayan jaki ya zo ta hanyar fataken goro, tun unguwar nan tana daji. Ta ce shekarar da aka kori baƙi daga ƙasar, tana yarinya, ba su iya ɗaukarsa ba, suka bar shi wurin wata maƙwabciya 'yar Ga. Da suka dawo bayan shekaru suka tarar ta kife shi a ɗaki, ba ta daka ko barkono a ciki ba.

Ta ce, "Daga baya ku ma kuka kori nasu daga can. An yi ɗaya-ɗaya. Ke 'yar ina ce?"

Na ce Kurfi.

Ta ce ita ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma in aka tambaye ta cewa take ita Bakatsiniya ce. Ta riƙe hannuna ta ce in ba ta labarin garin. Na ba ta abin da ya samu. Ta ƙi karɓar komai, ta ce in dai kawo mata dunƙule biyu.

Washegari da hantsi na warware jan zaren. Na kafa turmin a tsakar gida daidai gaban kujerar Dije. Na yayyafa ruwa na surfa, na bakace dusar, na wanke, na baza ya sha iska. Sannan na mayar da shi turmi da citta da kanumfari da barkono na fara daka. Da farko daka nake kawai. Amma hannu yana da nasa tunanin. A Barkiya ni da Dije turmi ɗaya muke lugude, kuma muna da namu salon da duk unguwa ta sani: bugu uku a ciki, ɗaya a gefen turmi, a cilla taɓarya sama a tafa sau biyu a cafe. Ban san sa'ad da na fara ba. Ni da na shekara nawa ban cilla taɓarya ba, ni da nake tsawata wa jikokina in sun yi, sai ga ni ina yi a ƙasar mutane. Na ɗaga kai na ga yatsun Dije na hannun mai lafiya suna buga hannun kujera. Uku, ɗaya, sannan biyu. Daidai inda nata bugun yake shiga.

Guɗa ta kuɓuce mini.

Ban rufe baki ba maza huɗu suka shigo gidan, da jan ƙyalle ɗaure a hannu, suna magana da ƙarfi cikin yarensu. Ɗaya ya nufi turmin. Ramatu ta fito tana ba da haƙuri. Ni kuwa na dafa bakin turmin da hannu biyu na ce da Hausa, ko sun ji ko ba su ji ba, turmin aro ne, kuma ya girmi ubansu.

Anti Dede ta taso daga ƙofarta. Ba ta yi sauri ba. Ta faɗa musu kalma kaɗan suka ja baya. Ta juyo kaina, da Hausarta ta kasuwa.

"Ke baƙuwa, ba a gaya miki ba?"

"An ce kada a yi kiɗa. Ni daka nake."

"Daka da tafi? Daka da ihu? A garinku haka kurame suke daka?"

Gaskiyarta ce. Ta leƙa cikin turmin. Ta dubi faifan da na rage ɗanyen gero a kai, ta ɗebi kaɗan ta zuba a tafin hannunta tana juyawa da yatsa. Fuskarta ta canja.

Ta ce, "Kin san don me muke shiru?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Don wannan." Ta ɗaga tafin hannun. Ta ce kafin gilashi, kafin Turawa su ɗauko mulkinsu daga wani gari su kawo nan, kafin kakannin 'yan Zango su zo da goro da shanu a ba su wurin zama, garin nan ƙauyen masunta da manoma ne. Yunwa ta taɓa kusa ƙarar da su. Da ruwa ya dawo, abin da suka shuka ya fitar da su. Shi ya sa kowace shekara manyansu suke shuka irin hatsin nan a wani keɓaɓɓen wuri, gari ya yi shiru har ya tsiro. In an girbe kuma su dafa abinci su watsa a ƙofofi, su yi wa yunwa eho.

Ta ce, "Yaran yanzu masara suka sani. Rabona da in riƙe wannan a hannu tun kakata tana da rai."

Ni dai na san Mai fitar da tsiro ba ya bukatar a yi masa shiru. Ban faɗa mata ba, a gidanta nake. Amma yunwa na san ta. Ina budurwa aka yi shekarar da muka ci dusa muka tono gidan tururuwa. Na ce mata mu ma ta taɓa zuwa mana. Ta gyaɗa kai, ta sallami mazan, ta ce, "Ƙarasa dakanki. Hannu a taɓarya, baki a rufe."

Na ci gaba. Yatsun Dije ba su daina ba, ƙwas-ƙwas a jikin roba. Na dubi Anti Dede. Ta kawar da kai wajen famfo ta ce, "Wannan ban ji shi ba."

Na tankaɗe, na cura, na dafa, na kirɓa, na mulmula cikin gari. Ramatu ta samo nono a wurin Fulanin Zango. Na dama da ludayi na kai bakin Dije. Ta kurɓa, rabi ya zubo ta gefen da ya karkace, na share mata. Ta sake kurɓa. Ta runtse ido.

"Mairo," ta ce. "Yaji... ya yi yawa. Kullum... hannunki."

Na ajiye ƙwaryar don kada ta faɗi. Na san irin wannan buɗewar ba ta daɗewa. Na ce a kira Bala daga rumfar albasarsa, na roƙi Anti Dede ta matso da kujerarta, don ina son kunnuwa su yi yawa. Da suka taru na kama hannun Dije na ce, "Ƙawa, don Allah da Annabi. Lokacin da nake kwance Katsina, mi Sani ya sha?"

Ta daɗe tana tattara harshenta.

"Ya ƙi... cokali. Kwana biyu... kuka. Har muryar ta tafi."

"Sai aka yi yaya?"

"Inna... ta miƙo shi. Ta kan danga. In maza... sun tafi gona."

Ta zare hannunta daga nawa ta ɗora a ƙirjinta na dama. "Bala." Ta ja shi a hankali zuwa hagu. "Sani." Sannan ta buɗe yatsu biyar, ta rufe, ta buɗe huɗu.

Kwana tara.

Bala ya tashi ya fita waje. Na ce, "Dije, mi ya hana ki gaya mini?"

"Iyaka," ta ce.

Sai na tuna. A shekarar mazanmu ba sa ga maciji kan iyakar gona, mijina ya rantse ko wuta ba za a ɗebo daga gidansu ba. Surukata ta tsallake rantsuwar ɗanta ta ceci jikanta, ta sa Dije ta yi shiru, ta ɗora wa akuya. Su duka sun tafi da maganar, saura wannan da ke gabana.

Tun daga Kurfi na zo da fuskar mai bincike. Ban tanadi abin da zan ce in amsar ta zo haka ba. Ban taɓa durƙusa wa sa'ata ba, ranar na durƙusa a kan simintin gidan haya, na kifa goshina a gwiwarta. Ta ɗora hannun a kaina. Da na ɗago, idonta ya riga ya koma bango. Ta ce mini koko ya ƙare.

Na ƙara kwana uku. Na kai wa mai turmi turminta da dunƙule shida. Sauran geron, wajen rabin tiya, na juye wa Anti Dede a kwano. Ta ce in zauna har a ɗage shiru in ga yadda Ankara take in ta buɗe baki. Na ce gonata tana jira. Ta raka ni har bakin titi, abin da Ramatu ta ce ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta sa mini ƙyafaffen kifi a jaka, ta ce in na kai iyaka kada in ba kowa ya ɗaukar mini. Bala ya ce bari ya buga waya gida ya sauƙaƙe mini. Na ce ya riga ya yi aikinsa da waya sau ɗaya, ya isa.

Ban wuce gida Barkiya kai tsaye ba, a Dutsin-Ma na sauka. Na tarar da Sani a shago yana ɗinka wani leshi ruwan hoda, na san ko na wace ce. Ya ga fuskata ya ɗage ƙafa daga keke.

Na ce, "Auta, kwana tara ka sha. Ba don uwarta ba da ban same ka ba."

Ya zare leshin daga ƙarƙashin allura, ya yanke zaren da haƙori, ya ninke shi daidai, ya ɗora a kan kanta. Wata biyar bai taka gidana ba. A Kurfi aka ce na tafi har bakin teku don in kashe auren ɗana, wasu suka ce da na zauna gida da babu wanda ya sani. Ban amsa wa kowa ba. Hadiza ce ta fara zuwa, ita kaɗai, idonta a kumbure. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Cewa ta yi in gaya mata yadda na sami uwarta, ko tana cin abinci, ko ta ambace ta. Na gaya mata gaskiya, har da yajin.

Dije ta rasu kafin damina ta zagayo. Har yanzu in hadarin farko ya taso ina fitar da iri daga rumbu, sai in ji warin kifi da ƙarar ruwan nan mai zuwa yana komawa, in tuna wani babban gari can ya yi tsit saboda gero.

Bayan shekara biyu aka ɗaura wa Hadiza aure da wani malamin makaranta a Makera. Jajayen awakina a lokacin sun kai goma sha ɗaya. Na kwance su duka, har da mai ciki, na ce a kai mata, hakkin uwarta ne da na daɗe ina biyan wanda ba shi ya yi aikin ba. Ina neman wanda zai kora su sai ga Sani a ƙofar gida, ya jingine babur ɗinsa, ya karɓi sandar daga hannuna bai dube ni ba. Da ƙafa ya kora su. Matar da na aika ta bi shi da kwanuka ta ce da suka isa, wani dattijo a zauren angon ya tambaye shi daga wane ɓangare yake, na ango ko na amarya.

Ya ce, "Yayanta ne."